Kunyar Ɗan Fari

Harra ta Gabas, Madina
9 ga Muharram

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Yaya Iyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara. Yaya jikin Inna, ƙafar ta sake ta? Yaya damina a Katsina? Mu nan lafiya lau, sai zafin da ko mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sai ya yi da gaske.

Na san za ki yi dariya, ga waya a hannu amma Raliya sai ta ɗauki biro ta turo hoton takarda. Ki yi haƙuri ki ƙara wa hoton girma. Maganar ba ta saƙon murya ba ce, don bango ɗaya ne tsakanina da Hajiya surukata, kuma kin san ni tun muna yara, abin da bakina ya kasa biro ke faɗa min.

Maganar ɗanki ce. Watan jiya ya cika shekara biyu da rabi. Kin sha tambayata ko ya fara magana ina ce miki saura kaɗan. Gaskiyar ita ce ko Mama bai taɓa cewa ba. Lafiyarsa ƙalau, yana ci yana gudu, ga kyau irin na yaran da ake kwatantawa a littattafan da nake karantawa, har da dogon gashin ido. Amma harkarsa daban ce. Zai yi awa guda yana jera ƙwallayen dabino a bakin darduma, ƙarami na bin babba, in aka taɓa ɗaya gidan ya ɗauki kuka. In yana son ruwa sai ya ja hannuna zuwa firiji ya ɗora shi a kan murfi, bai ko dubi fuskata ba, kamar hannun ba na mutum ba ne. In mun je Harami ana naɗe manyan lemomin farfajiya kuwa, ya dinga tsalle yana kaɗa hannuwa har baƙi su tsaya suna masa murmushi.

Sundus, ƙanwar maigidana mai aikin jinya, ita ta matsa aka kai shi asibiti. Likita ta ce abin da ake kira tawahhud ne a nan. Ta ce lalura ce da ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane, ba iska ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne, haka Allah Ya yi shi, kuma in aka fara koya masa tun yanzu yadda zai nemi abu da yadda zai kula mutane, ana samun ci gaba sosai. Na yi kukana na kwana biyu na share ido.

Aka tura mu wani markaz, wato cibiyar koyar da irin waɗannan yara, wurin wata Ustaza Hanan. Ba Balarabiya ba ce. Iyayenta mutanen Meziko ne, a Amurka aka haife ta, ta musulunta ta auri wani malami suka zo Madina. Larabcinta a karkace yake kamar nawa, shi ya sa tun gaisuwa na ji ta kwanta min.

To ga inda na ji kunya. Ni da Hajiya da Sundus muka je. Ustaza ta zaunar da yaron ya ba mu baya, ta ce in kira sunansa ta ga ko zai waiwayo. Yaya, ɗan fari ne fa, kuma sunan marigayi mahaifin maigidana ya ci, ga matar marigayin zaune kafaɗarta na taɓa tawa. Na buɗe baki na ce kai. Ta ce a'a, sunansa. Na sunkuyar da kai ina murza bakin abayata. Ta ce to in sauka ƙasa in yi masa wasan da nake sa shi dariya a gida. Na zauna kamar an dasa ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dogon rubutu. Sundus ta leƙa takardar, ta ce an rubuta wai uwar ba ta kusantar ɗanta, a bincika ko tana da damuwa. Ni da in na rufe ƙofa nake sansanar wuyansa har sai ya ture ni.

A mota Sundus ta yi ta faɗa da Larabci wai wannan al'ada ta tsufa. Ke kin fi kowa sanin abin, tunda har yau Inna ba ta taɓa kiran sunanki na yanka ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son ki.

Ustaza ta ce awa ɗaya a markaz ba ta isa komai ba, aikin a gida yake, a hannun uwa. Ni kuwa abu ɗaya nake so a duniya yanzu, in kira yaron nan ya waiwayo ya dube ni. Amma yaya zan kira shi a gidan da uwar mijina take?

Ki gaishe da Inna, amma kada ki faɗa mata tukuna. In akwai mai zuwa Umara ki aiko min da sabbin littattafai biyu, na hannuna har na haddace su.

Taki har kullum,
Raliya

Harra ta Gabas, Madina
2 ga Safar

Yaya Iyatu tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta mai kewa, da fatan kowa lafiya. Na ji saƙonki, na gode da addu'a. Yau da murna na ɗauki biro.

Sundus ta kira Ustaza Hanan a waya ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Washegari sai ga matar nan a ƙofar gidanmu, ta hau bene hawa uku a wannan zafin, wai ta zo ba ni haƙuri. Ta zauna a ƙasa, Hajiya ta dama mata fura, ta shanye ta nemi ƙari. Daga nan Hajiya ta saki fuska.

Ta ba mu labarin aikinta na da. Ta ce shekara bakwai ta yi a Amurka tana aiki da iyalai masu jin Sifaniyanci, irin mutanensu. Littafin koyarwar da aka ba su an rubuta shi ne don gidan da daga uwa sai uba sai yaro. Da suka kai shi gidajen mutanensu, inda kaka ke da maganar ƙarshe kuma gida ba ya rabuwa da dangi, sai ya ƙi aiki. Uwa za ta ce to saboda girmama likita, ta koma gida ba ta yi komai ba, don kaka ta ce yaro nauyin baki ne kawai irin na kawunsa. Wasu kuma an tsorata su sun daina yi wa yaro yarensu. Sai suka sauya tsari. Suka fara gayyatar kaka kafin kowa, suka mayar da darasi kicin lokacin da ake gasa wainar masararsu, suka sa a yi wa yaro waƙa da yaren gida. Ta ce nan ne yara suka fara motsi. Ta ce ita da ta san duk wannan, bai kamata ta yanke min hukunci a zama ɗaya ba.

Sai ta juya wajen Hajiya, ba wajena ba, ta tambaye ta a wurinmu wa ke wasa da yaro in uwa tana jin nauyi. Hajiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce kaka mana, ai jika mijin kaka ne, ita Ango take ce masa, kuma tun da aka haife shi take tsokanarsa da cewa ya ƙi kawo lefe. Ustaza ta ce to an gama, da Hajiya za a fara. Ta kuma ƙirga sunayen da ake kiransa da su a gidan: Hajiya na ce masa Ango, ubansa na cewa Abba, Sundus na cewa Abudi, ni kuma kai. Ta ce ko babba ne sai ya rikice. Da ta ji mun rage yi masa Hausa saboda wata maƙwabciya ta ce yare biyu ke ɗaure harshe, ta ce mu koma yi masa, yaren da ke fitowa daga zuciya shi ya fi isa wurin yaro.

Ga yadda ake yi. An tattara ƙwallayen dabinonsa a kwanon Hajiya. Ta zauna a ƙasa suna fuskantar juna, ta ɗaga ƙwallo ɗaya daidai tabaranta, ta ce Ango ya zo zance ko kallon amarya babu, sannan ta yi shiru ta jira. Jiran nan shi ne aikin, kuma kin san Hajiya da shiru ba sa shiri. In ya ɗago ido ko na ƙiftawa ne, ta miƙa masa ta yaba.

Ranar farko da ya dube ta, murna ta sa ta rangaɗa guɗa. Yaron ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado, sai da aka yi rabin awa ana lallashi. Ustaza ta ce ƙara tana yi masa zafi a kunne. Yanzu Hajiya a raɗa take guɗarta, ta kama hanci ta girgiza kai, muryar ba ta wuce dardumar. Yaya, ban taɓa ganin abin dariya irin wannan ba. Maigidana in ya dawo daga otal ɗin da yake aiki sai ya laɓe a bakin ƙofa yana kallo kafaɗunsa na rawa.

Jiya da kansa ya ɗauko kwanon ya ajiye a cinyarta. Ustaza ta ce wannan babbar magana ce, ya fara neman mutum ke nan.

A gaida Malam da yara. Littattafan sun iso, ɗaya na gama shi a yini guda, jarumar ta cika kuka amma ƙarshen ya yi daɗi.

Ƙanwarki,
Raliya

Harra ta Gabas, Madina
24 ga Safar

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Yaron yana ci gaba. Yanzu yana nuna abu da yatsa, yana duban Hajiya ya dubi abin ya sake dubanta. Aikina a darasin shi ne riƙe waya ina ɗaukar bidiyon da za a tura wa Ustaza. Ina murna, Allah Ya sani. Amma in na kalli bidiyon sai in ga kowa na ciki ban da ni. Har yanzu hannuna yake ja zuwa firiji bai dube ni ba. Ustaza ba ta taɓa matsa min ba, sau ɗaya ta ce duk ranar da na shirya wurina yana nan.

Sai na fara sata. Bayan azahar in Hajiya ta kwanta, in rufe ƙofa in sauka ƙasa in yi duk abin da na ga tana yi, ina raɗa masa sunan a kunne. Kwana shida ina haka. Ranar Talata ta tashi da wuri tana neman man zafinta, ta turo ƙofa. Ta same ni da rarrafe, kwano a kaina, ina maimaita sunan mijinta kamar mai talla.

Ta tsaya, ta dube ni, ta ja ƙofa ta rufe.

Yau kwana biyu daga ina kwana sai sannu. Ba ta ɗaure fuska ba, amma ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, kuma ita mace ce da ko gishiri ya yi daidai sai ta ce ya yi yawa don ta ga na ruɗe. A littafi nan ne ake tara dangi a zaunar da yarinya. Ina tsoron ta ce na raina ta, kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne ta yi fushi ta ajiye kwanon, yaron ya rasa ta bayan ya saba.

Gobe Juma'a, kowa zai ci abinci a gida. Ki yi min addu'a.

Taki,
Raliya

Harra ta Gabas, Madina
8 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yaya Iyatu, sanyin idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Yaya Inna, yaya yara da makaranta? Ki yafe min shirun mako biyu. Na ga kiranki, da gangan na ƙi ɗauka, don so nake in ba ki labarin a jere yadda ya faru. Ki nemi wuri ki zauna.

Ranar Juma'ar nan bayan an sauko masallaci muka kewaye faranti. Ana cikin ci Hajiya ta ajiye cokali ta ce za ta ba da labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Ta ce lokacin maigidana yana shekara huɗu, shi ma ɗan farinta ne, ya suɓuce mata a tsohuwar kasuwar da ke kusa da Harami, ana tsakiyar cunkoson alhazai. Ta yi ta gudu tana cewa kai, kai yaro, duk yaran kasuwa suna waiwayowa ban da nata. Ta ce sunan yana bakinta, ta san in ta ɗaga murya da shi sau ɗaya zai fito, amma harshenta ya ƙi. Wani mai sayar da carbi da ya san su shi ya ƙwala sunan, sai ga yaro ya fito daga ƙarƙashin tebur yana cin dabino. Ta ce shekara talatin tana jin haushin bakinta a kan wannan ranar, kuma da ta turo ƙofa ta gan ni, kasuwar ce ta faɗo mata a rai, shi ya sa ta yi shiru.

Sai ta dubi ɗanta ta ce, "Abdussamad, miƙo min ruwan nan."

Yaya, mutumin nan sai da ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani ake. Sundus ta ƙware da shinkafa. Ya miƙa ruwan da hannu biyu idonsa ya yi ja, ya ce barkono ne.

Sannan ta juyo gare ni. "Kunyar nan don ni kike yin ta, to na yafe. Kira ɗanki."

Na tambaya ƙasa-ƙasa ko in taƙaita sunan yadda Sundus ke yi. Ta ce a'a, mai sunan ma bai taɓa amsa rabin suna ba. Ita dai ta ce a bar ta da Angonta, sunan ɗa ta iya kira, amma na miji sai dai a Aljanna.

Na sauka ƙasa gaban kowa, na kira shi. A littafi da nan zai yar da abin hannunsa ya rugo ya faɗa jikina. Ɗanki ko gezau, ya ci gaba da juya murfin tukunya. Hajiya ta ce haka marigayin yake, sai an kira sau uku an haɗa da abinci ya sauka. Aka yi ta dariya, har da ni, da hawayena da komai.

Ustaza Hanan da ta ji labari sai da ta rungume Hajiya. Ta koya min in kira sau ɗaya tak, ina kusa da shi, ina riƙe da abin da yake so, sannan in jira. Ubansa da Sundus ma suka koma cikakken sunan. Na yi ta yi, a wanka, a cin abinci, a wajen sa takalmi. Kwana goma ba labari. Akwai ranar da na ce wa Ustaza ko dai na makara, ta ce yaron shekara biyu da rabi ya yi bai ji sunan daga bakina ba, in ba shi ko wata ɗaya ne.

Shekaranjiya da safe na hau saman bene shanya, ya biyo ni saboda tantabarun da ke sauka a can. Daga wurin ana hango dutsen Uhudu in gari ya yi haske. Na ɗebo gero a hannu na tsuguna a gefensa, ya ba ni baya yana kallon tsuntsaye. Na ce, "Ubaidullah."

Ya waiwayo. Ba geron ya fara duba ba, fuskata ya duba, har na ƙirga uku a zuciyata. Sannan ya buɗe tafin hannunsa. Na zuba masa, ya juya ya koma wajen tantabarunsa.

Shi ke nan abin da ya faru, in aka sa shi a littafi ko layi biyu ba zai cika ba. Ni kuwa a nan na zauna cikin jiƙaƙƙun kaya ina dariya ni kaɗai, har Hajiya ta hawo da ciwon gwiwarta ta ga ko lafiya. Da na faɗa mata, ta kama hanci ta yi guɗarta ta raɗa, ko tantabara ɗaya ba ta tashi ba.

Kada ki ɗauka an gama. Har yanzu bai yi magana ba, kuma in na kira sau goma sau uku ko huɗu yake waiwayowa. Ustaza ta ce tafiyar da tsawo, akwai ranakun da za mu ga kamar an koma baya. Na yarda. Ta kuma roƙi Hajiya ta zo markaz ta yi magana da wasu kakanni Hausawa biyu da suka ƙi kawo jikokinsu, Hajiya har ta sa an goge mata sabuwar abaya.

Wanda ya shiga uku a gidan nan shi ne maigidana. Tunda bakin Hajiya ya buɗe, sau ashirin take kiransa a yini, ya kawo burodin tamis, ya duba mukayyif, wani lokacin ma ba aiken komai, in ya zo ta ce ta manta. Yana ƙorafi a ɗaki, amma ban taɓa ganin ya bari ta kira sau biyu ba.

Yanzu kina iya faɗa wa Inna komai, ki ce jikanta yana lafiya kuma yana koyo. Ki gaishe min da Malam da yara ɗaya bayan ɗaya, Hajiya da Sundus suna gaishe ku. Bari in ajiye biro haka, na ji motsinsa ya farka, ga kunu na hucewa, zan je in kira shi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Raliya